Eka Biyu da Rabi

Kazaure, 9 ga Nuwamba, 1980

Zuwa ga ɗana Bunu,

Bayan sallama, ga gaisuwa mai yawa, tunda ita kaɗai ce ba ta yi tsada ba a bana. Muna nan lafiya, in ka cire gwiwata ta hagu da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Gwaggonka Gumsu na gaishe ka. Idonta na dama ya ƙara dushewa, amma bakinta lafiya lau.

Maganar madatsar ruwan nan ta tabbata. 'Yan awo sun sauka ƙauyenmu na bayan Roni da sarƙa da wani tabarau mai ƙafa uku, sun auna duk gonar da ruwa zai ci. An ce za a ba kowa madadin tasa a sabon fili can kan tudu. Sun yanka filin fegi-fegi, kowane fegi eka ɗaya, ba a raba shi.

Ka san gonar gwaggonka, wadda mijinta ya bar mata, wadda geronta ya yi maka ƙashi tun daga rasuwar mahaifiyarka. Eka biyu da rabi ce. Na ce a raina, in aka kai ta a dunƙule sai su ba ta fegi biyu su ce Allah ya ƙara haƙuri. To ni shekara talatin ina dillanci a kasuwar nan, kafin nan na yi malanta a kan sikelin gyaɗa, ban taɓa ganin mai awo ya sallami mutum da mudu saura ƙiris ba. Cikawa yake yi, ya ɗora gyara. Don haka na rinƙa jan akawun 'yan awo da hira da goro har aka rubuta gonar kashi uku: ta wajen kuka 0.9, ta wajen rijiya 0.8, ta jigawa 0.8. Kowace ta kusa ɗaya, dole a cika ta. Fegi uku ke nan. Ko mai tumatir ya san kashi-kashi ya fi tuli ɗaya albarka.

Akawun nan ne ya gaya mini cewa Kaduna za a kai takardun, kamfanin da kake koyon aikin injin nan mai ƙwaƙwalwa. Na ce masa ai gida ne. Kakana da kakan ubanka ɗaki ɗaya suka fito, saboda haka kada ka ce zumuncin ya yi nisa. Ka leƙa mana ka ga ko sunanta ya shiga.

Babanka,
Kaumi

Kaduna, 14 ga Disamba, 1980

Baba Kaumi, Allah ya ƙara girma,

Na sami takardarku, na gode. Ina lafiya, sai tarin da sanyin ɗakin injin ke sa ni, don shi injin ba ya son zafi, mu ne muke rawar ɗari dominsa. A gaishe mini da Gwaggo. A ce ta daina ɗiga wa idon nan ruwan kowane ganye.

Gaskiya ne aikin madatsa yana hannunmu, har ma an ɗan sa hannuna a ciki. Bari in gaya muku yadda yake, tunda na san za ku tambaya.

Injin nan ba wayo gare shi ba, biyayya gare shi. Duk abin da za a ba shi sai an faɗa masa irinsa, ya ware masa mazubi, kamar yadda ba a zuba man gyaɗa a buhu. Iri uku aka koya mana zuwa yanzu. Akwai rubutu, kamar sunan mutum. Ko lamba ce, in a matsayin rubutu ta shiga, ba zai iya tara ta da wata ba, zane kawai yake gani. Akwai cikakkiyar lamba, irin ta ƙidayar shanu, wadda ba ta da rabi. Sai kuma lamba mai ɗigo, irin ta awo. Ana iya juye abu daga wannan mazubi zuwa wancan, amma sai mutum ya rubuta masa umarni.

Kowace gona an huda mata kati ɗaya. Awon yana shigowa ne a matsayin rubutu. Aikina shi ne in mai da shi lamba mai ɗigo, sannan in mai da wannan cikakkiyar lamba, tunda fegi ba ya rabuwa. Layi shida ne kacal a cikin ɗaruruwa, amma ni na rubuta su, kuma ɗalibi ɗaya aka zaɓa a cikin mu tara. Shugaban sashenmu ya gwada da kati goma, duka suka fita daidai, har ya dafa kafaɗata.

Game da dabarar kashi uku, da kun shawarce ni da na ce a bar gonar yadda Allah ya yi ta. Amma an riga an yi. Na leƙa doguwar takardar da injin ya buga jiya. Sunan Gwaggo ya fito har sau uku, na gani da idona. Ku kwantar da hankalinta.

Ɗanku,
Bunu

Kazaure, 25 ga Janairu, 1981

Ɗana Bunu,

Gaisuwa da fatan tarin ya sake ka. Ka nemi citta da kanumfari. Gwiwata tana nan tana aikinta.

Sau uku. Na karanta wa gwaggonka layin nan har ta haddace shi. Ta ce ashe kuɗin littafin da ta rinƙa sayar da daddawa tana saya maka bai faɗi a ƙasa ba. Ni kuwa a kasuwa ba wanda ya isa ya sha gabana yanzu. Na ce musu ɗanmu ne ke gaya wa injin abin da zai yi. Kuma kafin 'yan awo su tashi, mata goma sha ɗaya sun bi shawarata sun raba nasu, duk gwauraye da masu ɗan gadon da bai taka kara ya karya ba. Yanzu in na wuce sai addu'a.

Labarinka na mazubi uku na gane shi sarai. Mu ma ba ma auna nono da buhu. Wato abin da muka sani tuntuni ne aka sa wa lantarki.

Hamma, ƙanin mijin gwaggonka, ya zo daga garin Gwiwa a kan kekensa. Ya ce tana da aron gona a wurinsa, eka biyu mai kyau da shanunsa suka kwana a kai, ta je ta noma har ƙarshen ranta, kada ta dogara da takardar gwamnati. Ta dube ni. Na ce masa an gode, amma mai fegi uku nata na kanta me za ta yi da aro? Ya ce to, akwai wanda ke roƙonsa, zai ba shi. Ya hau kekensa.

Ƙauyen dai ba daɗin gani. An fara kwance jinka, an sare giginyoyin bakin rafi. Gwaggonka ta fasa rumbunta da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ta ware irin geronta, tsohon irin nan mai dogon zangarniya, ta ɗaure a tulu ta liƙe bakin da laka. Ta ce shi zai fara shiga sabuwar gona kafin ita.

Babanka,
Kaumi

Kazaure, 22 ga Maris, 1981

Bunu,

Muna gaisuwa. Lafiyar jiki akwai.

Ran Alhamis aka manna takardar rabo a ƙofar gidan dagaci. Doguwa ce, mai huji-huji a gefe, irin taku. Aka tura ni gaba in karanta wa jama'a, tunda ni ne uban mai inji. Na sa tabarau, na bi da yatsa, na sami sunan gwaggonka sau uku kamar yadda ka faɗa. A gaban na farko 0. A gaban na biyu 0. Na uku ma haka.

Ka san ni ba na rasa ta cewa. Na juya na gaya wa mutane sifirin nan yana nufin babu rigima a kan gonar. Har wasu sun fara hamdala. Sai akawun hukuma ya ce, a gaban kowa, Malam Kaumi, wannan layin yawan fegi ne. Mai biyar ya sami biyar, mai sifiri ya sami sifiri.

Matan nan goma sha ɗaya duk haka. Da wasu da yawa da ban taɓa ba su shawara ba, waɗanda daman gonarsu ba ta kai eka ba. Wanda aka auna masa kusan huɗu, uku ya samu. Ba a cika wa kowa ba. Ban taɓa ganin awo irin wannan ba, ko a hannun ɗan kamasho mafi rashin tsoron Allah, don shi ko ya danne sikeli da babban yatsa yakan bar maka wani abu ka kai gida.

Gwaggonka tana zaune a kan turmi a gefe. Da na je wurinta ba ta ɗaga kai ba. Cewa ta yi, "Wato sau uku aka rubuta ba ni da komai."

Ka ce mini ka gani da idonka. Me ka gani? Ko wani ya shiga tsakaninka da injin bayan ka juya baya? In hannu ake so a shafa, ka faɗa mini na wa, wannan harshen na iya shi. Ran goma ga Mayu za a rufe bakin madatsa. Ka amsa da motar Abu direba, kada ka jira gidan waya.

Kaumi

Kazaure, 19 ga Afrilu, 1981

Bunu,

Mako huɗu. Abu ya ce ya danƙa takardar a hannun mai gadinku. In ciwo ne ya kwantar da kai, Allah ya ba da sauƙi, ka sa wani ya rubuto. In kuma Kaduna ce ta sa ka manta hanyar Roni, ka faɗa, mu daina ɓata tawada.

Na je Gwiwa na cire hula a gaban Hamma. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, ya nuna mini gonar daga nesa. Wanda ya ara wa ya riga ya yi sharar gona ya watsa taki. Ya ce ba zai tashi mutum daga kan guminsa ba, kuma ya yi gaskiya.

Na daina zuwa kasuwar Roni, don matan nan suna zama daidai inda nake ajiye kekena. Ba sa zagi. Gaisuwa suke yi, su tambaye ni ya ɗan namu mai inji.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba.

Kaumi

Kaduna, 8 ga Mayu, 1981

Baba Kaumi,

Ina gaisuwa da neman gafara. Ba ciwo ba ne. Takardunku biyu suna aljihuna, na karanta su har sun yage a ninki. Na kasa amsawa ne don ina so in zo da gyara a hannu, ba da baki kawai ba.

Ba wanda ya shiga tsakanina da injin. Ni ne.

Takardar da na gani a Disamba ta sunaye ce kawai, wadda ake bugawa don a tabbatar katunan sun shiga. Ba a yi rabo ba a lokacin. Da na rubuta muku haka a fili. Ina ɗokin in ba ku labari mai daɗi ne.

Ga abin da ya faru a layukan nan shida. Na ɗauka in an juye lamba mai ɗigo a mazubin cikakkiyar lamba, injin zai kai ta ga wadda ta fi kusa, yadda aka koya mana a firamare. Ba ya yi. Ba ya duba ko 0.9 ta kusa ɗaya. Datse duk abin da ke bayan ɗigo yake yi ya yar, ya riƙe na gaba, kuma ba ya ce maka ya yar da komai. Abin da ya kamata in yi shi ne in ƙara rabi kafin in juye: 0.9 ta zama 1.4, in ya datse, ɗaya ta rage. Yana cikin littafinmu, babi biyu gaba da inda muka kai a lokacin. Katunan gwaji goman nan kuwa duk na manyan gonaki ne, 4.0, 7.0, 12.0, babu abin datsewa a bayansu. Ba wanda ya tuna ya gwada da gonar talaka, har ni da na girma a kan ɗaya.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma za ku lissafa da kanku. Da an bar gonar a dunƙule, 2.5, da ko da kuskurena Gwaggo ta sami fegi biyu. Da kuma na rubuta daidai, da dabararku ta ci, ta sami uku. Sai da muka haɗu mu biyu.

Na ƙirga. Kati ɗari biyu da goma sha uku suka fita da sifiri. In aka tara duk guntayen da aka datse wa kowa, sun haura eka ɗari huɗu.

Na kai wa shugaban sashe. Ya rufe ƙofa, ya ce an sa hannu, an miƙa aiki, an kafa turaku, kuma kamfani ba zai rubuta wa gwamnati cewa ya ba ɗalibi aiki ba. Ya ce in ina son takardar shaidata in koma kujerata. Na koma masa sau huɗu. A na ƙarshe bai ɗaga kai ba.

Ran Talata da suka fita cin abincin rana na gyara layin, na sake zuba katunan ƙauyenmu. Ga takardar nan na haɗo. Gwaggo ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ba hatimi a kanta. Ku gwada kai ta ofishin hukuma, bakinku ya fi nawa.

Ina roƙonku kada ku gaya mata ni ne. Zan faɗa da bakina in na iya zuwa.

Ɗanku,
Bunu

Kazaure, 21 ga Yuni, 1981

Ɗana Bunu,

Bayan gaisuwa, ruwa ya sauka sosai, kowa ya yi shuka, gero ya kai idon sawu. Gwiwata ta kumbura, da sanda nake tafiya. Ka yafe mini maganar manta hanyar Roni.

Na kai takardarka ofis sau uku, da babbar rigata ta Juma'a. Na farko aka ce mai ofis ya fita. Na biyu ya karɓa, ya karanta har ƙasa, ya ce lalle akwai magana, amma wannan ba hatimi, waccan kuwa inji ne ya yi ta, inji ba ya son kai. Na ce ranka ya daɗe, wannan ma injin ne ya yi ta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi dariya, ya ce in rubuto koke. Na rubuta. Na uku masinja ya nuna mini kabad ɗin da koke ke kwana. Shekara talatin ban taɓa fita daga ciniki hannu wofi ba, ko goro nakan fito da shi. Wannan karon ko kujera ba a ba ni ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a takardarka, eka ɗari huɗun nan. Ka ce injin ya yar. A kasuwa in tsaba ta zube bakin mudu ba ta ɓacewa, da yamma akwai mai zuwa da tsintsiya. Sai na hau mota na je sabon filin in gani. Gabas da fegin jama'a akwai wani shimfiɗeɗen wuri da ya rage ba mai shi a takarda. An zagaye shi da waya, tarakta biyu suna aiki a ciki. Na tambayi mai gadi na wane ne, ya ce na manya. Ban sake tambaya ba. Ka daina sa ran wani zai buɗe kabad ɗin nan.

Ruwa ya haye gonar tun makon jiya. Kan kukar kaɗai ake gani.

Gwaggonka tana Gwiwa. Hamma ya ba ta ɗaki kusa da garke, tana taya matansa surfe da tsince wake. Ba wanda ke wulaƙanta ta. Amma ka san matar da tun tana amarya take ci daga rumbunta, yanzu sai an miƙo mata ƙwarya.

Ran Laraba na je na zauna a ƙofar ɗakin na faɗa mata nawa laifin, duka, ban rage ba: da ban raba gonar ba da tana da biyu, da ban kori Hamma ba da tana da aro. Naka ban ambata ba. Ta ce ta ji. Sai ta ce in karanta mata sabuwar takardar da ka aiko. Na karanta, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ta karɓa ta kai kusa da idonta mai gani, ta shafa hujin gefen. Ta tambaye ni yadda aka yi ka san ainihin inda ciwon yake, alhali manyan kamfanin ba su sani ba. Na ce ai karatu ne. Ta ce, "Kaumi, kai ka karanta mini da bakinka a watan Janairu cewa shi ya rubuta wa injin layi shidan nan, kana taƙama. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Na rasa ta cewa. Ka rubuta ranar, ba ta taɓa faruwa ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi maka baki ba. Ta ce ka riƙe kujerarka ka karɓi takardar shaidarka, kada a yi asara biyu. Ta ce in an sake ba ka gonakin mutane, ka fara gwadawa da ta ƙarama. Ta tambaya ko tarin ya tafi.

Daga nan ta shiga ɗaki ta jawo tulun nan, ta fasa lakar bakin. Na ce ta bari, ko baɗi. Ta ce iri ba ya jiran ofis, ƙwari za su riga ta. Ta ba Hamma kaɗan ya jefa a gefen gonarsa don kada irin ya ɓace. Sauran ta auna da hannunta ta zuba a ƙullin da Abu zai kawo maka tare da wannan takarda. Ta ce ka kai a niƙa, ka dama kunu da safe kafin ka shiga ɗakin sanyin nan.

Mudu biyu ne da rabi. Ta sa na yi mata alkawari zan rubuta rabin da kyau, yadda za ka gan shi.

Babanka,
Kaumi